Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, Kazaure

Ranka ya daɗe,

Ƙoƙon bara na kawo, kuma a kan ruwan leda ne. Daga tashar Kazaure zuwa kasuwannin Roni da Gwiwa, har can Babura, da wuya a yi suna ko biki babu buhunan fiya wata jibge a zaure. Mun sakankance tataccen ruwa ne. To, wa ke duba matatar?

A cikin injin tace ruwa na zamani akwai wata siririyar fata da aka nannaɗe kamar tabarma a cikin doguwar kwalba. Famfo ke danna ruwa ya ratsa ta da ƙarfi, ita kuma ta tare gishiri da ƙwayoyin cuta. Abin da ta tare shi ne ajalinta. Duk mai shayi ya san farin ƙanzon da ke kama gindin buta. Irinsa ne ke liƙe mata. Da damina, in ruwa ya gurɓace, laka ta shafe ta. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse na ɗauke da ƙarfe, sai ta yi ja kamar tsatsa. Mafi muni shi ne yauƙin ƙwayoyin cuta, wanda ke samun sarari duk lokacin da aka ɗauke wuta, ruwa ya kwana a ciki cikin zafin bazara. Kulorin da zai kashe su kuwa, cinye fatar yake yi.

Na taɓa shiga wani gidan ruwa, na tarar allurar agogon matsi ta haura, ruwa na fita da ƙyar. Yaron da ke kan injin ya ce ai ya saba, in fatar ta toshe sai ya karkatar da bututu ya tsallake ta. Ban ga laifinsa sosai ba. Babu wanda ya taɓa koya masa cewa da zarar ruwa ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, wanki take nema: sinadari mai tsami don ƙanzo, soda don yauƙi. Bai san yashi da gawayin da ke gabanta su ne garkuwarta ba, bai kuma san in an kula da ita tana kai shekara 3 zuwa 5 ba.

Ranka ya daɗe, hukumar NAFDAC lamba take bayarwa, ta zo duba jefi-jefi. Ba aikinta ba ne kwana a gindin inji. Ku ne kuke da malamai da ɗakunan gwaji a nan cikin gari. A buɗe gajeren kwas na 'yan makonni, cikin harshen Hausa, don masu tsaron injunan nan, a kuma ba su damar kawo ruwansu a auna kan kuɗi kaɗan. In da hali, a fara kafin damina ta sauka.

Naka,
Wani mai sayen ruwan leda, Kazaure