Auna gunduma kafin kafa gida a karkarar Amurka

Amurka na da gundumomi sama da 3,000, kuma kowace na da irin ƙasarta da dokokinta da haɗurranta. Wannan ne ya sa iyalin da ke shirin barin birni ya koma karkara, ya noma abincinsa, ya yi kiwo, ya dogara da kansa, sai ya fara auna gundumar kafin ya sayi fili. Al'adar neman fili a karkara ta daɗe. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba mutum eka 160 muddin ya zauna ya noma ta shekara 5. Yau saye ake yi, kuma araha ce ke fara jan hankali, alhali araha ba ta ado.

Abu na farko shi ne ruwa. Tun 1878 wani mai bincike, John Wesley Powell, ya yi gargaɗin cewa yawancin yammacin ƙasar ba ya samun ruwan sama inci 20 a shekara, don haka noma ba zai yiwu ba sai da ban ruwa. Ba a saurare shi ba, aka yi ta kafce filayen ciyawa, har fari da guguwar ƙura suka kori dubban manoma daga Oklahoma da Kansas da Texas a shekarun 1930. Har yanzu a jihohin yamma mallakar fili ba ta nufin mallakar rafin da ya ratsa shi, domin wanda ya riga amfani da ruwan shi ke da haƙƙi. A Colorado, sai a 2016 aka halatta wa magidanta tara ruwan rufi a ganga biyu, galan 110. Mai hankali kan tambayi zurfin rijiyoyin maƙwabta, da ko suna ƙafewa da rani.

Sai ƙasa da doka. Ma'aikatar noma ta Amurka na da taswirar ƙasar noma da kowa ke iya dubawa a intanet. Ofishin gunduma kuma shi ke faɗin irin ginin da aka yarda da shi, da adadin dabbobi, da harajin fili. Kafin a gina shadda, ana haƙa rami a zuba ruwa a ga saurin tsotsewarsa. In ƙasar ba ta sha ba, ana iya hana izinin gini.

Daga nan sai bala'o'i. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA na auna kowace gunduma a kan haɗurra 18, ciki har da ambaliya da gobarar daji da girgizar ƙasa. A Nuwamban 2018 gobara ta cinye garin Paradise a gundumar Butte ta California, mutum 85 suka rasu, wasunsu cikin motoci, saboda hanyoyin fita kaɗan ne kuma sun cushe. A Satumban 2024 guguwar Helene ta afka wa duwatsun North Carolina da ake ɗauka tudun mun tsira ne, birnin Asheville ya shafe sama da mako 7 babu ruwan famfo mai shayuwa.

Na ƙarshe shi ne jama'a. A karkara, 'yan kwana-kwana yawanci 'yan sa-kai ne, asibiti kuma kan yi nisa. Don haka ana duba nisan asibiti, da yawan hanyoyin fita, da ko maƙwabta na taimakon juna, domin in hanya ta yanke su ne agajin farko kafin hukuma ta iso.