Sha'anin Mota: Fitilar Da Ta Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Kado a Abuja, daga wajen kasuwar kifi zuwa hanyar Gwarimpa, ba zai rasa ganin tsofaffin motocin jif ba, irin su Toyota Highlander da Lexus RX 300 da Honda Pilot, waɗanda akasarinsu sun gama ƙuruciyarsu a Amurka kafin a sauke su a Ikko ko Kwatano. Da za a leƙa gaban direbobinsu, da an tarar da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji tana ci dare da rana. An kai gareji an kashe ta, bayan kwana uku ko mako guda ta dawo. An sake biyan kuɗi, ta sake dawowa. Daga nan sai mai mota ya sallama, wani ma har ya sa a liƙe ta da baƙin salatif.

Sau da yawa abin da fitilar ke kuka da shi ba ya cikin injin. Fetur abu ne mai saurin tashi, ko mota tana tsaye a inuwa tururinsa yana taruwa a saman tanki, balle a zafin watan Maris na Abuja. A da, tururin nan iska yake bi. Tun wajen 1971 dokar Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci su tare shi, sai suka sa wani gwangwani cike da gawayi na musamman wanda ke shanye shi. Idan inji ya ɗumama, wani bawul a gaba ya buɗe, inji ya zuƙo tururin ya ƙone shi tare da mai, wani bawul kuma ya shigar da iska cikin gwangwanin. Daga 1996 aka wajabta wa motocin Amurka kwamfuta mai binciken lafiyar mota, a hankali kuma aka ɗora mata gwada wannan hanya ko tana yoyo. A motocin da suka biyo baya, ko huda mai faɗin rabin milimita tana iya ganowa.

To, a nan ne asirin dawowar fitilar yake. Kwamfutar ba kullum take yin gwajin ba. A yawancin motoci sai inji ya kwana ya huce, tanki kuma bai cika maƙil ba, bai kuwa kusa ƙarewa ba, sannan sai ta ga laifin sau biyu kafin ta kunna fitila. Saboda haka bakaniken da ya jona na'ura ya goge lambar laifi bai gyara kome ba, ya dai sa kwamfutar ta manta ne zuwa wani lokaci. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Lambobin kuwa suna da ma'ana, ya kamata mai mota ya sa a rubuta masa su kafin a goge. P0455 babban yoyo ne, P0442 ƙarami, P0456 ɗan mitsitsi. P0441 na nufin tururin ba ya tafiya inji yadda ya kamata, P0446 kuma ɓangaren shigar iska ne. Sai dai lamba wuri kawai take nunawa, ba ta ce a sayi sabon kaya ba.

Hikima ita ce a fara da abin da ya fi araha, watau murfin tanki. Robar bakinsa takan bushe ta tsattsage bayan shekara ashirin, murfin jabu na bakin titi kuma sau da yawa ba ya riƙe iska. Bayan shi sai tiyo. A kan RX 300 da Highlander na farko akwai wani siririn tiyo a bayan akwatin matatar iska, wanda yakan zame idan yaron gareji ya ɗaga murfin don ya kaɗe ƙura. Mutane da dama sun sayi gwangwanin gawayi sukutum alhali kuwa tiyon nan ne kawai ya fita. Ɓeraye ma suna da nasu rabon a motar da ta daɗe a ajiye. Ƙurar hunturu da laka ta damina kuma sukan toshe hanyar iska a ƙarƙashin mota, alamar haka ita ce famfon gidan mai ya riƙa katsewa tun tanki bai kai rabi ba.

Amma babban mai laifi wata ɗabi'a ce da aka saba da ita a gidajen mai. Famfo ya katse don tanki ya cika, sai direba ya ce a ƙara, har a girgiza motar don mai ya zauna. Wahalar layi ce ta koya wa jama'a haka, kamar wadda Abuja ta sha a Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol. Ba a ga laifin wanda ya kwana a layi ba, amma wannan ƙarin yana iya malala cikin gawayin da aka yi shi don tururi kaɗai. In ya jiƙe sai ya marmashe, ɓarɓashinsa ya bi tiyo ya maƙale a bawul na gaba. Shi ya sa mota takan yi gardamar tashi da zarar an sha mai. Kuma shi ya sa sabon bawul ke mutuwa cikin 'yan watanni, idan an canza shi ba a busa tiyon ba, ba a kuma duba gwangwanin ba.

Inda ido ya gaza, akwai na'urar da ke hura hayaƙi cikin hanyar a ga inda yake fitowa. Ba kowane gareji ke da ita ba, amma tambayarta a Kado ko a ƙauyen kanikawa na Apo ya fi sayen kaya bisa ka-cici-ka-cici.

Wani zai ce ai motar tana tafiya, ina ruwansa da tururi. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, abin da ke bin iska kuɗi ne. Tururin kuma yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini, ga yara a kujerar baya suna shaƙa, ga haɗarin gobara. A wasu motocin Toyota, fitilar na kamawa sai na'urar hana santsi ta daina aiki. Fitilar nan guda ɗaya ce kuma ga dukan laifuffukan inji: ran da fulogi ya fara fashi za ta riƙa ƙyaftawa don direba ya tsaya, wanda ya liƙe ta da salatif kuwa ba zai gani ba.