Ku ƙyale tsohon nan da ɗumamensa

Tun da Ministry, tsofaffin makaɗan metal na Shikago, suka saki The Squirrely Years Revisited a Maris 2025 nake jin masu cewa wai Al Jourgensen ya ƙare, ɗumame yake sayar mana. Haba jama'a! Mutumin nan ya yi shekara da shekaru yana tsine wa With Sympathy, kundinsa na 1983, yana cewa kamfani ne ya tilasta masa. A 2025, yana da shekara 66, ya dawo ya rungumi waƙoƙin, ya sake su da jita mai amo. Ni jarumta na gani. Mu da ke goge tsofaffin hotunanmu a Facebook don kunya, wa zai iya? Ku saurara tukuna, sannan ku yi zagi.