Filin Kiɗa Da Waƙa: Tsohuwar Ikwalaiza Ta Dawo Situdiyo

Duk matashin da ya taɓa tara 'yan kuɗinsa ya shiga situdiyo a Dutse ya san wannan takaicin. A cikin ɗakin waƙa ta yi zaƙi, amma da an saka ta a sifikar gidan biki a Shuwarin ko Kiyawa, sai muryar zabiya ta riƙa tsira wa mutane kunne, gangar kuma ta koma kamar ana bugun bokiti. Nan da nan a ce mai kiɗan ne bai iya ba. Sau da yawa kuwa laifin na wajen haɗa sauti ne.

Ikwalaiza ita ce na'urar da ake ƙara wa sauti kauri ko kaifi da ita, ko a rage. Wadda ake ta yayi yanzu a kwamfuta kuwa kwaikwayon tsohuwa ce tukuf: Pultec, wadda kamfanin Pulse Techniques na Amurka ya fito da ita tun shekaru da dama kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa! Ƙanwarta Neve 1073 ta zo daga Ingila a 1970. Na ainihin tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin situdiyo, amma kamfanoni irin su Waves sun yi kwafinsu da ke aiki a cikin FL Studio da Cubase.

To me ya haɗa su da waƙar fim? Tun zamanin Sangaya, fiyanon Yamaha ne ke yi mana kalangu da sarewa, kuma sautinsa siriri ne. Ga muryar 'yan mata can sama, ga sarewa ita ma can sama, sai a yi ta cunkoso wuri ɗaya. Ikwalaizar zamani tana yanka kamar reza, wanda bai ƙware ba sai ya yanke har da nama. Ita Pultec maɓallanta kaɗan ne, kuma a hankali take lanƙwasa sauti. Akwai ma wata dabara da ta yi suna da ita: a zaɓi lamba 60, a murɗa maɓallin ƙari da na ragi lokaci guda. A ido kamar shirme, amma sai gindin ganga ya yi nauyi, gunjin da ke danne murya kuma ya ragu.

Sai dai fa a yi hattara. Sifikar waya ba ta iya fitar da wannan kaurin, don haka mai gwaji da waya zai yi ta ƙarawa yana cewa bai ji komai ba, ranar biki kuma sifika ta kama karkarwa. Kafin mawaƙi ya cika kuɗin aiki, ya nemi a ba shi waƙar ya ji ta a waya, a mota, sannan a babbar sifikar mai DJ.