Filin na'ura: a rubuta wa kwamfuta umarni sau ɗaya, ta riƙa aikin kullum

Tun daga shekara ta 2011, lokacin da aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ofisoshi sun ƙaru a ƙasar Arewa, kwamfutoci ma sun ƙaru, amma masu gyaransu ba su ƙaru yadda ya kamata ba. A Matankari ko Kore Mai Ruwa, takardun haihuwa, jerin masu biyan haraji da lissafin albashi sukan taru cikin na'ura guda. Haka ɗan kasuwar da ke sayen wake da dankalin turawa yakan zuba bashin da yake bin mutane cikin wata ƙaramar kwamfuta. Ranar da faifan cikinta ya mutu, aikin shekaru ya tafi, kuma babu alƙalin da zai karɓi "na'ura ce ta ci" a matsayin shaida.

Kowa ya san maganin, wato a riƙa kwafe aiki a wani wuri na dabam. Matsalar ita ce ɗan Adam yana mantuwa, yana tafiya ta'aziyya, ana yi masa canjin wurin aiki. Shi ya sa masana suke rubuta abin da suke kira sikirif: ɗan gajeren jerin umarni, layi biyar ko goma, wanda na'ura ke bi da kanta a lokacin da aka yanka mata.

Kayan aikin ba sabbi ba ne, kuma ba a biyan ko dala. Mai amfani da Windows yana da robocopy, mai kwafe fayiloli, da Planificateur de tâches, mai tayar da aiki a kan lokaci. Mai Linux yana da rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, da kuma cron. Hikimar rsync ita ce ba ya sake ɗaukar abin da ya riga ya ɗauka, sai abin da ya canza kawai, abin da ke da amfani ƙwarai inda layin intanet yake da rauni. A cikin cron, in aka rubuta 0 12 * * 1-5, ma'anarsa ƙarfe 12 na rana, daga Litinin zuwa Juma'a.

To, nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Littattafan da aka rubuta a Turai suna ba da shawarar a sa aikin kwafi da ƙarfe biyun dare, saboda na'urorinsu ba sa barci. A Dogon Dutsi kuwa, da ƙarfe biyun dare ofis a rufe yake, kwamfuta a kashe, wataƙila ma babu wuta. Jahar Doso tana shan lantarkin NIGELEC daga layin da ya taso daga Birnin Kebbi, kuma jama'a ba su mance da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke shi, bai dawo ba sai a watan Maris na 2024. Cron ba ya rama aikin da ya wuce shi: in lokaci ya yi na'ura tana kashe, shi ke nan sai gobe. Don haka a sa aikin da tsakar rana, ko a yi amfani da anacron, wanda ke biyan bashin da zarar an kunna. A Windows ma akwai wurin da ake dannawa domin aikin da aka rasa ya tashi nan take.

Abu na biyu mai hatsari shi ne umarnin madubi, /MIR a robocopy da --delete a rsync. Yana mai da kwafi daidai da asali, har da gogewa. Sakatare ya share wani kundi bisa kuskure da safe, da rana sikirif ya bi ya share shi cikin ajiya, da biyayyar da ba ta da amfani. Gara kowace ajiya ta ɗauki kwanan watanta, shekara a gaba, kamar 2025-03-07, domin su jeru bi da bi. Kafin a saki sabon sikirif, a gwada shi da /L ko -n, waɗanda ke nuna abin da zai faru ba tare da taɓa komai ba.

Sikirif kuma ya riƙa barin rahoto cikin wani fayil, da lokacin farawa da na gamawa da abin da ya ƙi. Wannan dabara tana aiki har kan intanet. Umarnin ping, da Mike Muuss ya rubuta a 1983, in aka sa shi yana bugawa kowane minti goma yana rubuta sa'ar da layi ya yanke, a ƙarshen wata shugaban ofis zai je wurin kamfanin sadarwa da takarda a hannu maimakon ƙorafin baki.

Saura wurin ajiya. Faifan da ke kwana kan teburi ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ne zai kwashe su, ruwan damina ɗaya ne zai jiƙa su. A sayi biyu, ana musanya su kowane mako, ɗaya yana kwana a wani gini. Sau ɗaya a wata, a ɗauko fayil guda daga ajiyar a buɗe shi a gaban mutum na biyu, wanda shi ma ya san inda sikirif yake da abin da kowane layinsa ke yi, domin ranar da takardar canjin wurin aiki ta iso daga Yamai.