Daga Tokar Karofi Zuwa Takin Zamani

Duk wanda ya leƙa karofin Ƙofar Mata ya ga marina na haɗa baba da toka. Sinadarin fotasiyam da ke cikin tokar nan yana da wani aikin: a narka nau'insa mai kaifi cikin ruwa, a tsoma faranti biyu na ƙarfen nikel, a saki lantarki, sai ruwan ya rabu, iskar haidirojin ta fito. Da ita ake yin amoniya, uwar takin zamani. Masar ta fara haka a Aswan a 1960.

Matsalar ita ce asara. A lissafi, yunit 39 na lantarki ya ishi kilo ɗaya, amma injuna kan ci 50 ko fiye, domin kumfa na lulluɓe farantan, wuta na zama zafi.

A ganinmu, rage wannan asara aikin masu nazarin kimiyya ne a Jami'ar Bayero. Rana ba ta yi mana rowar lantarki ba, manomi kuwa na jiran taki mai rahusa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.