Kowane Ciki da Lissafinsa

Uwargida, kafin a karɓi kuɗin gaisuwar ɗiyarki, a fara gwajin jini. A Na'ibawa, inda aikin masana'antun Sharada da Challawa ya haɗa Bahaushe, Bafulatani da Babarbare, kowa cewa yake, "Mu babu sikila a danginmu." Asali ba hujja ba ne: mai AS lafiyarsa ƙalau, bai san yana ɗauke da ita ba. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki yiwuwar haihuwar SS ɗaya ce cikin huɗu. Ko ɗan fari ya zo da ita, ƙannensa ba su tsira ba. Tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. A yi shi tun soyayya ba ta yi nisa ba. Ke kin san naki?